Tsohuwa Ta Kwanta a Yashi

Talata, da hantsi

Yaya Tima ce ta kawo mini wannan littafin rubutu, wai in daina kallon azarar ɗaki. Ta ce tunda na karance littattafan soyayyar da ke shagon haya kaf, har mai shagon ya fara ba ni waɗanda bangonsu ya cire, sai in rubuta nawa. Ban san ta inda ake farawa ba.

Ina gidan Mama tun da aka sallamo ni daga asibiti. Arba'in ta wuce da daɗewa. Mijina Famau bai zo ya mai da ni ɗakina ba. Ranar Juma'a yakan zo, ya tsaya a zaure, ya aiko da kifi sama, ya ce a gaishe ni. Ina jin muryarsa ta taga. Kafin in lalubo mayafi ya tafi.

Ban sani ba ko har yanzu ina da aure.

Laraba, bayan azahar

Famau ya samu jirgi. A bakin Yaya na ji, tana kankare kwakwa.

Wannan farin jirgin katakon ne na Turawa, wanda ya yi shekara da shekaru a ɗaure gaban ƙauyen Shela har tsuntsaye suka mai da shi masai. Famau ke duba masa igiya tun yana saurayi. Matar da ke da shi ta rasu a ƙasarsu, 'ya'yanta suka ce ya ɗauka. Masunta suna kiran jirgin Tsohuwa.

Yaya ta ce, "Mijinki ya ɗauko wa kansa jinya. Gemun ciyawar da ke ƙarƙashinta ya fi na liman."

Na ce, "Ina za shi da ita?"

"Ina ake zuwa da jirgi, Swabra? Mai kamun kifi dai ba ya neman jirgi mai gado da murhu a ciki."

Ta ga fuskata, sai ta ce wasa take yi. Ta miƙo mini kwakwa in tauna.

Akwai littafin da na karanta, mutumin ya ɓoye yana gyaran jirgi, ranar da ya gama ya zo ya ɗauki matarsa suka bi teku, gashinta na tashi a iska. Akwai wani kuma, shi ma ya gyara, da asuba ta farka ta tarar da fure a kan matashi. Ban san a cikin wane littafin nake ba.

Alhamis, da safe

Iskar kaskazi, mai tasowa daga arewa, ta fara. Da ita ake tafiya kudu.

Juma'a, bayan la'asar

Ya zo. Kifi biyu. Yau na shirya tun kafin a sauko daga masallaci, mayafina a hannu. Da na ji sallamarsa sai na fasa sauka. Na zauna a matakala ina jin Mama tana amsa masa a daƙile. Ya ce, "Yaya mai jiki?" Mai jiki. Kamar ba ni da suna.

Ko kuwa kunya ce? A gaban Mama dama bai taɓa kiran sunana ba. Na manta ko ya taɓa.

Jaririn maƙwabta ya yi ta kuka da rana. Na rufe taga, zafi ya hana ni, na buɗe.

Lahadi, da hantsi

Kawu Lali ya zo shan gahawa. Shi ne ƙanin Mama, kuma duk wata jahazi, wato jirgin katako mai tafiya da iska, da ke yawo tsakanin tsibiran Lamu da Pate sai da ta bi ta hannunsa. A wurinsa Famau ya koyi sassaƙa.

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, suka ɗauka ba na ji. Mama ta ce, "Lali, ka gaya wa yaronka, in wata ya cika bai ce komai ba, ni zan ce. Ban haifi 'ya don ta tsufa a ɗakina tana jira ba."

Kawu ya ce, "Yaya, ki bar yaro ya huce."

"Shi ya kwanta a gadon asibitin?"

Kawu ya kurɓi gahawa ya juya maganar zuwa Tsohuwa. Jibi akwai babban ruwa, irin cikar da teku ke yi sau biyu a wata, za su ja ta zuwa yashin da ke gaban rumfarsa, su kwantar da ita yadda ake kwantar da jahazi, a kankare ta, a cusa auduga, a shafa man kifi da farar ƙasa. Ya ce Famau ya nutsa ya gani, wai tana da wata doguwar ƙafa ta ƙarfe a ƙarƙashinta. Kawu ya yi dariya. "Jirgi jirgi ne. Na kwantar da waɗanda suka ninka ta uku."

Na zubar da shinkafa kaɗan a ƙasa. Kaji sun ji daɗi.

Litinin, da yamma

Rigata ta daina jiƙewa da nono. Ban gaya wa kowa ba. Ya kamata in ji sauƙi.

Talata, bayan azahar

Bari in rubuta.

Na hau rufin bene tun bayan sallar asuba. Daga can ana hango rumfar Kawu. Sun jawo ta da ruwa a cike, maza da yawa, suna waƙar jan igiya. Na gane shi daga nesa, da koren zanen da na saya masa. Suka kafa mata gwafanni ta gefen da suke so ta kwanta, suka zauna jiran ruwa ya janye.

Tun ina ƙarama nake ganin yadda jahazi ke kwanciya. Ruwa na raguwa tana bin sa a hankali, kamar saniyar da ta ƙoshi, har ta ɗora haƙarƙarinta a yashi. Tsohuwa ba ta yi haka ba. Ruwa na janyewa, ita tana ƙara tsawo. Ta tsaya cak a kan ƙafar nan ɗaya, sama da kan kowa, cikinta duk a waje. Na ji mazan suna dariya. Ni ma na ga ta yi kyau, kamar zalɓe.

Sai gwafa ɗaya ta nutse a yashi. Sauran suka karye a tare. Ƙarar ta iso har inda nake, jakunan unguwa suka ɗauki kuka.

Na kasa ganin koren zanen. Ban san tsawon lokacin ba. Daga baya na gan shi tsaye a gefe, hannu biyu a ka.

Ba wanda ya ji ciwo. Da ruwa ya dawo ba ta tashi ba. Gefen da ta faɗa a kai ya tsage, ruwa ya shiga ya cika ta.

Ga abin da ba zan faɗa wa Yaya ba: na ji daɗi. Jirgin da ke kwance ba ya zuwa kudu. Bayan haka na tuna yadda ya ɗora hannu a ka, na sauko na yi amai.

Laraba, da safe

Ban karanta komai ba.

Juma'a, bayan la'asar

Bai zo ba. Babu kifi.

Yaya ta dawo daga kasuwa da labari. Masu sayar da mahamri, soyayyen burodin nan, sun ce Tsohuwa ta sha giyar Turawa ne ta faɗi. Wani ya tambayi Kawu ko zai zo ya kwantar masa da jakinsa. Kawu ya daina zama a dandalin da suke shan gahawa.

Tsagar tana ƙarƙashi, ta gefen yashi. Duk lokacin da ruwa ya janye, Famau yana haƙa rami a ƙarƙashinta don ya kai ga wurin. Ruwa ya dawo ya cike ramin. Ya sake haƙawa. Yanzu mataccen ruwa ya shigo, teku ba ta cika sosai, ba za ta iya tashi ba sai wani babban ruwan, in wata ya cika.

In wata ya cika. Kowa ya ɗora wa watan nan nasa.

Asabar, da hantsi

Na hau rufi. Yana haƙa.

Lahadi, da hantsi

Yana haƙa. Ya ɗaure kansa da riga. Ban san ko ya san ana hango shi daga nan ba. Sau ɗaya ya ɗago ya dubi gari, na durƙusa bayan katanga kamar ɓarauniya. Me ya sa na ɓuya? Mijina ne.

Litinin, bayan la'asar

Kawu ya zo, ya rame. Na kai masa gahawa da alewar halwa, na tsaya. Ya ce, "'Yata, zauna mana, kin tsaya mini a ka kamar mai jiran hukunci."

Na zauna. Yana ba Mama labarin aikin, sai ya ce, "Abin tausayi, jirgin a karkace, yaron nan a jikin bango yake barci kamar ƙadangare. In ruwa ya shigo ya koma rumfata ya kwanta kan tarkacen katako."

Na ce, "Kawu, me ya hana shi kwana a gida?"

Kawu ya dubi Mama. Mama ta dubi kofinta. Kawu ya ce gahawar ta yi daɗi, ya nemi takalminsa.

Yaya ce ta gaya mini a kicin, da ƙyar. Tun ina asibiti Mama ta je gidana ta kwashe kayan jaririn da na tanada, don kada in koma in gani. Ta kulle gidan. Tufafinsa kuma ta zuba a kwando ta aika rumfar Kawu.

Gidan nawa ne, Baba ya ba ni ranar aurena, kamar yadda aka ba Mama nata. Famau mutumin Siyu ne, can tsibirin Pate, ba shi da ko ɗaki a Lamu. Kuma babu namijin da ba ya gane kwandon tufafi idan ya iske shi a wurin aikinsa.

Na ce, "Ya ɗauka ni na aiko?"

Yaya ta ce, "Wa ya sani? Kin san mijinki, sai an matse shi kamar kwakwa kafin ya fitar da magana."

Talata, da safe

Na tambayi Mama. Tana taje gashi, ba ta juyo ba.

"Tufafi masu tsabta na aika masa. Laifi ne?"

"Duka, Mama?"

"Gidanki ne. Ba kya ciki, me namiji zai zauna yana yi?" Ta ja tsefe da ƙarfi. "Da yana gari a ranar, da an samu jirgi da wuri, da..."

Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ban so ta ƙarasa. Na ga idonta a madubi, sai na fita.

To, shi ya bar ni ko mu muka kore shi? Gadon da ke cikin Tsohuwa na tafiya ne ko na wanda ba shi da wurin kwana? Yaya ta ce mijin ƙawarta ya ji shi yana tambayar wani direban jahazi hanyar tsibirin Pemba, can kudu. Amma wannan kafin ta faɗi ne. Ko bayan. Ba ta tabbata ba.

A littafi, a nan ne yarinya take rubuta wasiƙa hawaye na ɗiga a kan takardar. Ni yunwa nake ji. Rabona da jin yunwa tun kafin in kwanta asibiti.

Laraba, da yamma

Na dafa shinkafa da kwakwa, na zuba a kwano, na sa mayafi. Na kai har masallacin kan kwana na dawo. Yaya ta cinye.

Alhamis, bayan la'asar

Na je.

Ruwa ya janye, yashin yana ƙona ƙafa. Kusa da ita ta fi yadda nake gani daga rufi girma, kuma tana wari. Ƙafafunsa kawai na gani, sun leƙo daga ramin. Na yi sallama. Ƙafafun suka daina motsi. Ya fito, yashi har a gemu.

Ya ce, "Kin fito."

Na ce, "Na fito."

"Jikin?"

"Da sauƙi."

Ya dubi kwanon, ya dubi hannuwansa. Muka tsaya. Kawu ne ya cece mu, ya taho yana haki da wani curin ƙarfe a hannu. Sun sa sabon katako a tsagar, saura ƙusoshi. Sai mutum biyu: ɗaya a waje yana bugawa, ɗaya a ciki yana danna ƙarfen a jikin katakon. Wurin kuwa bayan gado yake, a wani lungu.

Kawu ya ce, "Ni cikina ya ƙi shiga. Jiya sai da aka jawo ni ta ƙafa. Ke 'yata, ai kin rame kamar igiya."

Famau ya ce, "Kawu, ba ta da lafiya."

Na ce, "Ba ni ƙarfen."

Ciki duk a juye yake. Bango ya zama ƙasa. Ga 'yar tukunya, ga darduma a rataye, ga kwandon Mama, na gane shi da jan bakinsa. Bai kwashe tufafin daga ciki ba. Na rarrafa na shige lungun, duhu, sai ƙamshin sabon katako.

Muryarsa ta zo ta jikin jirgin, kusa da kunnena. Ya ƙwanƙwasa.

"Kin ji nan?"

"Na ji."

"Danna."

Ya buga. Ƙarfen ya girgiza mini hannu har kafaɗa. Muka yi na biyu, muka yi na uku. Na lura ba ya ganina, ni ma ba na ganinsa, sai bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Ba ni na aiko da kwandon ba."

Guduma ta tsaya. Ina jin numfashinsa ta cikin katako, ko nawa ne, ban sani ba.

Na ce, "Ban ma sani ba sai shekaranjiya waccan."

Sannan ya ce, "Matsa sama kaɗan."

Na matsa. Ya buga. Muka ci gaba har ruwa ya fara taɓa ramin. Da na fito ya riga ya juya baya yana tattara kaya. Ya ce, "Sannu." Kawu ya cinye rabin shinkafar.

Matsa sama kaɗan. Tun da na dawo nake juya shi.

Juma'a, da safe

Tafin hannuna ya yi ƙulli. Mama ta gani, ta ajiye mini man kwakwa a bakin gado.

Da hannuna na taya shi gyara abin da zai tafi da shi. Ko ba haka ba ne?

Asabar, da yamma

Wata ya kusa cika. Ya fito tun rana ba ta faɗi ba.

Litinin, bayan azahar

Yau ne. Mama ta ce Kawu ya zo bayan magariba su yi magana.

Na same ta a kan darduma. Na durƙusa na ce, "Mama, makullin gidana."

"Ya ce zai dawo?"

"Bai ce ba."

"To ki koma ki zauna ke kaɗai ki yi ta sauraren ƙofa?"

"A nan ma ita nake saurare."

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ajiye shi a tabarma, ba ta miƙo mini a hannu ba. Ta ce, "Ki buɗe tagogi. Ƙura ta yi yawa."

Talata, da hantsi

Daga ɗakina nake rubutu.

Jiya da la'asar na tsaya a bakin ruwa tare da matan unguwa. Sun kwashe ruwan cikinta, sun ɗaure mata jarkoki babu komai a ciki ta gefen da ke ƙasa, sun ɗaura igiya a kan dogon itacenta zuwa wata jahazi. Waɗanda suka fi yi wa Kawu dariya su ne a gaban igiya. Ruwa ya zo yana lasar ta, ya hau, ya hau. Na ce a raina kada ta tashi. Na ce ta tashi. Na rasa wanne nake roƙo, na bar wa Allah.

Ta yi wani nishi, ta ɗago, ta yi tangaɗi, ta miƙe. Mata suka yi guɗa. Kawu ya zauna a cikin ruwa da tufafinsa yana share ido.

Aka ja ta zuwa tsakiyar mashigi. Iska tana kaɗawa kudu, mai kyau, irin wadda direbobin jahazi suke so. Na ga Famau a kanta shi kaɗai. Ban jira in ga me zai yi ba. Na tafi gida.

Na buɗe tagogi. Na share. Kusurwar da Mama ta kwashe ta yi fili, na ja akwati na rufe wurin, na sake janye shi. Na hura wuta na ɗora shinkafa ta mutum biyu, ina jin kaina kamar wawuya. Na bar ƙofar waje a buɗe.

Bayan magariba aka yi sallama a zaure. Ya tsaya a nan kamar baƙo har sai da na ce ya shigo. Ƙafafunsa duk yashi, na zuba masa ruwa ya wanke. Bai zo da kwandon ba.

Na ce, "Ina Tsohuwa?"

"Na jefa mata anka, ta tsaya wuri ɗaya. Tana ɗan yoyo. Sai an riƙa dubawa."

"Pemba fa?"

Ya ce, "Na tambaya. Ban san wa zan je wurinsa a can ba."

Muka ci a faranti ɗaya. Shinkafar ta kama ƙasan tukunya, ya ci haka nan. Yana cikin wanke hannu, kansa a ƙasa, ya ce, "Swabra, an gaya miki?"

"Me?"

"Mace ce. Ni na ɗauke ta na kai ta makwancinta. Tana da gashi da yawa, irin naki."

Ba wanda ya gaya mini. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Na riƙe butar, ruwa yana ta zuba a hannunsa har ya ƙare. Bai janye hannun ba.

Da asuba ya tafi kwashe mata ruwa. Ya ce in ajiye masa mahamri.